Ku Tambayi Anti: Ɗana da abu ya gagare shi sai kuka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 10, yana aji biyar a firamare, wallahi da lissafi ya ɗan gagare shi sai ya wurgar da littafin ya ce shi dai ba zai iya ba, kuka har da majina. Na yi faɗan na yi lallashin duk shiru. Maƙwabciyata ta ce in riƙa karanta masa labarai, to wai labari zai gyara wannan hali kuwa?
Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, sai dai fa ba maganin zazzaɓi ba ne da za a sha yau gobe a miƙe. Ki nemo masa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗan siririn littafin nan da ya fito a 1934. Tauraron labarin, Alhaji Imam, ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekaru yana yawon duniya, nan ya sha wuya can Malam Zurƙe ya yi masa tsiya shi ma ya rama, yaro zai yi ta ƙyalƙyala dariya bai ma san ana ɗura masa juriya ba.

Amma yadda za ki karanta shi ne maganar. Bayan isha, ki ajiye waya, ki karanta kaɗan, daidai inda Alhaji ya shiga tsaka mai wuya sai ki rufe littafin ki ce "to Baba na, da kai ne ya za ka yi?" Ki bar shi ya kwana da abin a ransa. Don Allah kar ki ɗora da "ka ga shi bai yi kuka ba irin naka", yara daga nesa suke jin warin gori, daga ranar ya tsani littafin ke nan.

Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ma akwai haƙuri a ciki, amma ni dai zan ce ki jira ya ƙara girma, sace yaro da bauta da uwar da ta sha wahalar nemansa sun yi wa ɗan shekara 10 nauyi da dare. Ƙissar Annabi Yusuf kuwa daga rijiya har kurkuku ki ba shi da bakinki, ba sai kin jira malamin islamiyya ba.

Sannan ki leƙa makarantar ki ga malamin lissafin, wani sa'in sau ɗin 7 da na 8 ne kawai bai zauna masa ba tun aji uku.