Ɗan yayana ya samo mini tsohuwar Chevelle a Amurka: in tura kuɗin?

Tambaya: Malam, ni dillalin motoci ne a Kano, na daɗe ina shigo da motocin gwanjo daga Amurka. Ɗan yayana da ke zaune a Houston ya ce ya samo Chevrolet Chevelle SS 454 ƙirar 1970, wadda ake kira LS6, a hannun wani dattijo, a kan dala dubu 85. Ya ce in muka kai ta babban gwanjon watan Janairu za ta yi dubu 160 ko fiye. Ya turo hotuna da bidiyo, ga tambarin SS da 454 a jikinta, injin yana ruri lafiya. Yaron mai amana ne, a hannuna ya tashi. In sayar da motoci huɗu daga cikin jarina in tura masa?

Amsa: Alhaji, kada ka sayar da ko taya ɗaya tukuna. Na karanta wasiƙarka ina neman kalma guda ban same ta ba, wato takarda. Ka ba ni labarin tambari, da rurin inji, da amanar yaro, amma ba ka ce ga abin da ya tabbatar cewa motar nan ta fito daga masana'anta a matsayin LS6 ba, wato mai ɗauke da injin 454 na musamman da ke sa ta tsada. Kuskurenka ke nan, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye rabin kuɗinka. Ba na zargin ɗanka da ha'inci. Mai amana daban, masani daban, kuma yawancin waɗanda na ga sun kwana ciki a wannan harka, mutanen kirki ne suka kai su suka baro, da zuciya ɗaya.

Ka saba da motocin yanzu, inda za ka saka lambar shasi a intanet ta fito maka da tarihin mota, daga haɗarin da ta yi har tafiyar da ta ci. Wannan lamba mai harafi 17 sai a 1981 ta zama doka a Amurka. Chevelle ta 1970 lambarta 13 ce, kuma ba ta faɗin abin da kake so ka sani. In ta fara da 13637, abin da ta gaya maka kawai shi ne Malibu ce, wato Chevelle ta gama-gari, mai ƙofa biyu da inji mai silinda takwas. A shekarar, SS ƙari ne da mai saye ke zaɓa a ɗora masa a kan Malibu, don haka Malibu mai ƙaramin inji 307 da LS6 mai ƙarfin doki 450 duk da lamba iri ɗaya suke farawa. Tambarin SS, da murfin inji mai tudu, da ratsin fenti biyu, da agogunan gaban direba, duk ana ƙera sababbi ana sayarwa har gobe. Bakanike mai hannu zai mayar da Malibu ta zama SS a ido cikin 'yan watanni. LS6 da kamfanin ya ƙera a 1970 wajen 4,475 ne kacal, kuma masu tara motocin nan da kansu suna cewa waɗanda ke yawo yau da sunan sun fi waɗanda aka ƙera yawa. Kama da wane ba wane ba ce.

Kuma ka zaɓi mota mai wuyar sha'ani. Da Ford Mustang ce ta 1967 zuwa sama, akwai rahoton da ake kira Marti, wanda ake cirowa daga kundin kamfanin Ford. Da Pontiac ce, akwai PHS da ke ba da kwafin takardar cinikin mota ta asali. Da Plymouth ce ko Dodge ta 1970, harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin injin, R na nufin 426 Hemi. Amma Chevelle da aka ƙera aka kuma sayar a cikin Amurka, babu wani kundin kamfani da za ka rubuta wa ya amsa maka. Sai dai in ta Kanada ce, can an adana bayanai. Saboda haka hujjar LS6 tana jikin motar ne da 'yan takardun da suka tsira tare da ita.

Ta farko ita ce takardar haɗi, wadda ma'aikatan masana'anta ke bi suna ɗaura wa mota kayanta. In sun gama sukan cusa ta inda hannu ya kai: saman tankin mai, ƙarƙashin kafet, tsakanin wayoyin kujerar baya, ko bayan marfin ƙofa. A kanta za a ga Z15, alamar SS 454, da LS6, da lambar da ta dace da shasin motar. Ta biyu ɗan farantin ƙarfe ne na garanti da ake kira Protect-O-Plate, mai ɗauke da lambar injin da sunan wanda ya fara saye. Sai rasit na dila, da jerin hannayen da motar ta ratsa. Dattijon da ya riƙe irin wannan mota shekaru ya san darajar takardun nan sarai. In ya ce sun ɓata, to ka ɗauka Malibu kake taya, kuma ka taya ta da kuɗin Malibu.

Sannan injin kansa. A gaban kan silinda, ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili mai faɗin yatsa biyu inda aka buga lamba. Na LS6 yana farawa da T, wato masana'antar Tonawanda da ke jihar New York, sai wata da rana, sai haruffa uku: CRV in giyar hannu ce, CRR in mai canza kanta ce. Akwai kuma guntun lambar shasin motar da aka buga a injin da akwatin giya. Abin da masu saye ke zuba kuɗi a kansa shi ne a ce duk waɗannan lambobi sun dace, injin da motar ta fito da shi ne har yau a cikinta. Masu algus sun san haka, sai su goge filin su buga sabuwar lamba. Masani yakan haska tocila a karkace ya duba da gilashin ƙara girma: filin asali yana da siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, sawun injin da ya fere shi a masana'anta, wanda aka goge kuwa yakan fito sumul ko da sawu mai lanƙwasa. Yana duba siffar haruffan da tazararsu. Yana duba ranar da aka zuba ƙarfen injin, domin dole ta riga ranar haɗa motar. In inji ya zo duniya bayan motarsa, magana ta ƙare. Takardar haɗin ma ana buga ta jabu a tsufar da ita. Yanzu ka gaya mini, wanne daga cikin waɗannan ɗanka zai iya ganewa, kuma wanne bidiyon WhatsApp zai nuna maka?

Na san wani ɗan kasuwa da abokinsa na ƙuruciya ya sayo masa Pontiac GTO ta 1965 a irin wannan tsari. Mota ja, tana sheƙi, kowa na yabawa. Sai da suka zo sayarwa mai taya ya ce a nemo takardar PHS, abin da ake samu da kuɗi ƙalilan. Takarda ta zo ta nuna LeMans ce zalla, ba a taɓa ɗora mata kayan GTO a masana'anta ba. Da ƙyar ya tsira da rabin kuɗinsa, kuma har yau ba sa ga maciji da abokin, alhali abokin bai ci ko kwabo ba, shi ma rufe shi aka yi. Abin da ya fi ba ni takaici, da kafin biya suka nemi takardar, da ba a yi asarar kuɗi ba balle ta zumunci.

Lissafin ribar taka ma ina da ja a kai. A ƙiyasi, LS6 mai cikakkun takardu da injinta na asali tana iya haura dala dubu 150, wadda aka kwaikwaya kuwa, ko ta yi kyau, tana yawo tsakanin dubu 50 da 70. Dubu 85 ta yi wa ta gaske araha, ta yi wa ta kwaikwayo tsada. Me zai sa mutumin da ke Texas, wanda kira ɗaya zai yi masu saye su cika ƙofar gidansa, ya bar wa baƙo rabin darajar motarsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko da ta tabbata, gidajen gwanjo irin Mecum a Kissimmee da Barrett-Jackson a Scottsdale suna karɓar kuɗin shiga da la'ada daga mai sayarwa, suna kuma ɗora wa mai saye wajen kashi 10 cikin 100, wanda shi kuma zai rage daga tayinsa. Ƙara kuɗin ɗauko ta a rufaffiyar tirela, da inshora, da ajiya, da jarin motoci huɗu da zai kwanta watanni ba ya juyawa. Kasuwar kuma tana faɗuwa: akwai wata LS6 mai buɗaɗɗen rufi da aka saya sama da dala miliyan 1.2 a 2006, aka sayar da ita ƙasa da dubu 300 a 2009. Wannan ta gaske ce, tarihinta sananne. Mafarkin ninka kuɗi a ciniki ɗaya, a kasuwar da ba ka taɓa taka ƙafa ba, ba na goyon bayansa ko kaɗan.

In ka nace, ga yadda za ka yi. Ka ce wa ɗanka ya ɗauko hotuna ƙarara na lambar shasi, da farantin jikin bangon inji, da filin lambar injin, da akwatin giya, da kowace takarda gaba da baya. Ka ɗauki hayar mai bincike wanda ya ƙware a kan Chevelle, wanda kai za ka nemo kai za ka biya, ba wanda mai motar ya nuna ba. Dala dubu ɗaya ko biyu har da kuɗin tafiyarsa za su isa, kuma ya ba ka rahoto a rubuce. Ya duba ƙusoshin farantin shasin ma, domin sauya lambar shasi babban laifi ne a dokar tarayyar Amurka, ana iya ƙwace motar, kuma ɗanka ne ke zaune a can. Kuɗi kada su shiga hannun mai motar kai tsaye, a ajiye su wurin kamfanin riƙon amana har sai an miƙa takardar mallaka mai tsabta. Tsakaninka da yaron kuma a rubuta, da shaidu: sunan wa ke kan motar, nawa ne ladansa, wa ke ɗaukar asara.

In mai motar ya ƙi yarda a zo a duba, ko ya ce akwai wani mai saye yana jira sai ka biya cikin kwana biyu, ka ce wa ɗanka ya yi masa godiya ya fito. In kuma bincike ya nuna ta kwaikwayo ce, kada ka saye ta ko an rage maka, domin bayan la'ada da ɗawainiya babu abin da zai saura maka a ciki.