Kafin ka karɓi aikin Avoriaz, tambayi inda za ka kwana

Ƙanena, saƙonka ya iso. Na ji daɗi da jami'ar Savoie Mont Blanc ta ba ka gurbi, Allah ya sanya albarka. Ka ce an yi maka tayin aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a Avoriaz lokacin hutun hunturu, kuma an ce tsakanin ɗakin ma'aikata da tsakiyar gari 'yar gajeriyar hanyar zamiyar ƙanƙara (ski) ce kawai. Kana tambaya ko akwai abin damuwa. Akwai, kuma shi ne ya fi albashin muhimmanci a wurina.

Avoriaz garin masu zamiyar ƙanƙara ne a Faransa, yana cikin tsaunukan Alps, mita 1800 a sama, bisa garin Morzine. Jean Vuarnet, wanda ya ci zinaren zamiyar ƙanƙara a Olamfik na 1960, yana cikin waɗanda suka kafa shi, kuma tun farko an tsara shi ba shigar mota. Mota a bakin gari take tsayawa. Titunan ciki duk dusar ƙanƙara ce, kayan baƙi ma doki ne ke jan su. Saboda haka abin da ɗan yawon buɗe ido ya ɗauka wasa, kai hanyar neman abincinka ce, safe da dare.

A Faransa launi huɗu ake ba hanyoyin zamiya, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya: kore, shuɗi, ja, baƙi. Irin waɗanda ke kai mutum cikin gari galibi kore ne ko shuɗi, wato masu sauƙi. Kada sauƙin ya ruɗe ka. Suna da ƙunci, da safe sanyin dare ya daskarar da su, da yamma kuma kowa ta nan yake gangarowa a gajiye, yara da manya, gwani da ɗan koyo. Wajen ƙarfe biyar ake rufe hanyoyin, injinan baje ƙanƙara su fito, wasu har da igiyar ƙarfe a miƙe cikin duhu. Kai kuwa mai wanke-wanke sai kusan sha biyun dare za ka tashi. To ta ina za ka koma?

Wannan za ka tambayi mai gidan abincin, ya amsa maka a rubuce: akwai hanyar ƙafa mai fitila zuwa ɗakin? In kuma a ƙasa ne wajen Morzine, ƙarfe nawa motar igiya ta Prodains, mai hawa da mutane zuwa Avoriaz, take daina aiki?

Sai maganar kuɗi. Wanda ya karye a kan hanyar zamiya, masu ceto za su ɗauko shi, amma ba kyauta ba. Ɗaruruwan Yuro ne in ba inshora. Hatsarin da ya same ka tsakanin gida da wurin aiki dokar Faransa ta san da shi, muddin an yi maka rajista da kwantiragi. Kada ka yarda da aikin bayan fage, ko nawa aka ce. Ka kuma riƙa ƙirga awowinka, don takardar zaman ɗalibi awa 964 ta halatta a shekara.

In ka yanke za ka je, ka biya malaman ESF, makarantar koyon zamiya ta Faransa, masu jajayen riguna, su koya maka tsayawa da juyawa kafin ranar fara aiki. Ka turo mini amsar mai gidan abincin mu duba tare. A gaida su Baba.