Ni ma ruwa ya cinye mini dashe a fadama

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa dashen da kake yi a fadama yake mutuwa, wani a cikin ruwa, wani bayan ruwan ya janye. Wallahi ka taɓo mini inda ke yi mini ciwo, domin abin da ya same ni ke nan a gonata da ke kusa da Haɗeja a shekarar 2022.

A watan Yuli na dasa mangwaro da maɗaci a ƙasan fadama, bisa shawarar wani mai sayar da dashe wanda ya rantse mini cewa ruwa ba ya kashe itace. Ambaliya ta zo, ta shafe makonni a kansu. Ranar da na samu shiga da kwalekwale, kawunan sandunan da na kakkafa kawai nake hangowa. Da ruwa ya ja baya na tumɓuke guda ɗaya, sai na tarar saiwar ta yi baƙi tana wari, ɓawon yana saɓulewa a hannuna. Na koma wurin mutumin, ya ce ƙaddara ce, ko haƙuri bai ba ni ba, kuma har yau raina yana ɓaci idan na wuce rumfarsa.

Saiwa tana buƙatar iska, ruwan da ya kwanta kuwa yana toshe ta, kuma dashen da ruwa ya rufe har ganye shi ne ya fi saurin mutuwa. Don Allah ka koma ga giyayya da bagaruwa, waɗanda fadama ta saba da su. Ka jiƙa irin bagaruwa a ruwan zafi ya kwana saboda taurin ɓawonsa, sannan ka shuka shi yayin da ruwa ke janyewa, domin saiwar ta riƙa bin danshi zuwa ƙasa. Idan danshin ya fi ta sauri, laka ta bushe ta tsage, to dashen ya tafi, saboda haka ban-ruwa a ranin farko wajibi ne. Ka kuma yi shingen ƙaya saboda awaki.

Kada ka dogara da iyakar ruwan da iyayenmu suka sani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a kan kogunan da ke kawo ruwa Haɗeja, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ruwa yakan daɗe, wani kuma ba ya isa. Ni yanzu sai na duba shatin da ambaliyar bara ta bari a jikin manyan itatuwa, sannan in tara ƙasa in yi tudu kafin in dasa komai.