Kafin ku ɗauki shebur, ku tsayar da mai kwasa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ku matasan Maamobi kun yi gayya kun yashe kwatar layinku, ba a yi sati biyu ba ta sake toshewa, kana tambaya ko wahalar banza kuka yi. Ba banza ba ce, wani abu kuka tsallake.

Mu a Nima, maƙwabtanku a nan Accra, mun daɗe muna wannan fama. Abin da ke kashe aikin shi ne dattin da aka kwaso aka jibge a bakin kwata, baƙar laka cuɗe da ledar fiyawata da tsummoki. Rana ta busar, awaki su tona, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Don haka ku fara zama da asambiliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma, a tsayar da mota ko aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) da za ta kwashe a ranar. In ba a samu ba, gara a ɗage gayyar.

Babbar matsalar ma bolar cikin gida ce. Matar da ke juye shara a kwata da asuba ba muguwa ba ce. Gidan haya ne, ɗakuna rututu, babu wurin ajiye kwando, mai aboboya kuma ba kyauta yake ɗauka ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne a haɗa kuɗin bola da na wuta, mai gida ya karɓa, mutum ɗaya ya riƙa zuwa kwasa. Amma ku bincika inda yake kaiwa, don wasu da dare suke juyewa a babban lambatu. Wannan ruwan a kogin Odaw yake faɗawa, ya bi ta Circle (shataletalen Kwame Nkrumah) zuwa tafkin Korle, kuma kowa ya san abin da ya faru a Circle ranar 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka ci mutum sama da 150.

Ku roƙi liman ya faɗa ranar Juma'a, maganarsa ta fi lasifikarku shiga kunnen iyayenmu. Asabar ɗin farkon wata, wadda gwamnati ta ware wa tsafta a 2014 bayan annobar kwalara, ta fi sauƙin tara jama'a. Babban yashewa kuwa a yi shi a Maris, kafin ruwan Mayu da Yuni ya kankama.

Ledar fiyawata ku ware ta a buhu, akwai masu saye a kilo. Ba wani kuɗin kirki ba ne, amma a tara a sayi takalmin roba da safar hannu. Kar ku bar yaro ya shiga da silifa, fasassun kwalabe ne cike a ƙasa.