Amsa ga ɗan'uwan da tirayal balans ya ƙi daidaita masa

Wallahi ɗan'uwa da na karanta tambayarka kaina kawai na gani. Ka ce tirayal balans ɗinka, wato jerin asusun nan na darasin akanta da ya kamata jimillar hagu (debit) ta zo daidai da ta dama (kiredit), bai taɓa daidaita ba ko sau ɗaya, debit da kiredit kuma sun rikita ka har kana tunanin sauya kwas. Dan Allah dakata tukuna.

Ni abin da na aikata a shekarar farko ya fi naka muni. Ana tes, hagu da dama suka bambanta da 450, saura minti biyar, hannuna har rawa yake, kawai sai na ƙirƙiri wani layi na sa masa suna "sauran kuɗin da aka kashe" na cusa 450 ɗin a ciki. Ranar da aka raba takardu lakcaran nan ya ɗaga tawa da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma, ya kira sunana ya ce in miƙe kowa ya ga wanda zai durƙusar da kamfanin mutane. Aji ya kwashe da dariya, har da wanda muke karatun dare tare, shi ya ma fi kowa ɗaga murya. Na san ban kyauta ba, amma mutumin nan minti goma ya yi a kaina bai nuna min inda kuskuren yake ba, ko kalma ɗaya. Sati biyu ban shiga ajinsa ba, har yau in na tuno jan biron nan raina ɓaci yake.

Wata 'yar ajinmu ce ta karɓi takardar, ko minti biyu ba ta yi ba ta gano 720 na kwafa a matsayin 270. Ta ce duk sanda bambancin ya rabu da 9 ba saura, to ka zargi juya lambobi ko ka yar da sifili, kamar 1,500 ya koma 150. In kuma ba haka ba ka raba bambancin biyu, in 600 ne nemi wani 300 da ka ajiye a ɓangaren da ba nasa ba. Kar ka sake lissafi daga farko, lokacinka kawai zai tafi.

Batun debit kuwa, alat ɗin banki ne ya ɓata mana kai. Banki littafinsa yake karanta maka, kuɗinka a wurinsa bashi ne kake bin sa, shi ya sa yake ce maka kiredit in kuɗi sun shigo. A lejarka, wato littafin asusunka, debit hagu ne kawai, kiredit dama, babu na kirki babu na banza. Kadara da kuɗin da aka kashe in sun ƙaru hagu, bashi da jari da kuɗin shiga in sun ƙaru dama. An sayi inji bashi a 5,000? Inji hagu, mai bin bashi dama, shi ke nan. Ni har a bayan kalkuleta na rubuta kadara daidai take da bashi a tara da jari.

Af, kuma ko ya daidaita kar ka saki jiki, in ka manta ciniki gaba ɗaya ko ka sa sayen inji a asusun gyare-gyare zai daidaita tsaf alhali ba daidai ba ne. Ƙarin bayanan nan da ake sawa a ƙasan tirayal balans a tambayar jarrabawa su ma, irin hayar da aka biya tun kafin lokaci, kowanne sau biyu yake shiga, ni tik biyu nake masa da fensir.

 Ka ɗauki hoton wanda ya ƙi daidaitan ka turo, ka faɗa min nawa ne bambancin, in na tashi daga aiki zan duba.