Za a kai mu haikalin Buddha a Kyoto, an ba ni rubutu da mai in shafa a ginshiƙi, ya zan yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya baƙunta. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Zariya, an zaɓe ni wani kwas na wata biyu a Osaka ta ƙasar Japan, kuma a jadawalin da suka turo akwai ranar da za a kai mu Kyoto mu ga wani tsohon wurin ibadar mabiya Buddha mai suna Ryoan-ji da lambunsa. Tunda Hajiyarmu ta ji maganar nan bata ƙara barcin kirki ba, wai wurin gumaka matattarar aljanu ce, wanda ya shiga baya fitowa daidai. Har ta sa an kai ta wajen wani malami, ya bada rubutu a gora da wani mai a 'yar kwalba da ƙullin gari, yace in yayyafa rubutun a bakin ƙofa in shafa man a ginshiƙin farko da na gani kafin in shiga. Ni dai gabana sai faɗuwa yake. Za a tilasta min rusunawa gunki? Za a ce in cire hijabi? In na ƙi zuwa za su ɗauka raini ne? Kuma kayan nan ya zan yi da su?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a karatun, a gaida Hajiya da kyau.

Bari in fara da masu sauƙin. Ba wanda zai ce ki rusuna wa komai, ba wanda zai taɓa maganar hijabinki, ko kallo biyu ba za a miki ba. Ryoan-ji wuri ne da 'yan makaranta da 'yan yawon buɗe ido ke cika shi kullum, ki biya kuɗin shiga a ba ki tikiti ki wuce. Akwai gunkin dutse a gefen hanya kafin ki kai matakala, wasu Japanawa kan tsaya su haɗa hannu, ke kiyi tafiyarki, ba mai lura. Gaisuwarsu ta sunkuyawa ma in bata kwanta miki ba, ki ɗan gyaɗa kai kiyi murmushi ya wadatar, kuma su ba masu miƙa hannu bane balle ki shiga ƙunci da maza. In kuma zuciyarki bata natsu da zuwan ba gaba ɗaya, ki gaya wa jami'in kwas ɗin tun da wuri, ba ranar tafiya da safe ba, saboda su lissafin kujerar mota da abincin rana tun sati guda suke gama shi. Abin da ke ɓata musu rai canza magana a ƙurarren lokaci ne. Hukuncin shiga irin wannan wuri a shari'a kuwa ba fannina bane, ni ɗan rakiyar baƙi ne kuma tafinta, ki tambayi malamin da ya karanta fiƙihu, ba mai sayar da kwalba ba.

Toh, yanzu ga maganar da ta sa na ɗauko tambayarki na sa ta gaba da sauran. Gorar nan da kwalbar nan da ƙullin garin nan, ki bar su a Zariya. Kar su shiga akwatinki ko da wasa.

Wallahi na gaji da wannan magana. Yau a ce min an bada ruwan da za a watsa a ƙofa, gobe a ce laya ce za a tura ƙarƙashin dutse, jibi gishiri ne za a barbaɗa a lambu, kuma duk wanda ya rubuto min da gaskiyarsa yake, uwa ce ko miji ko gwaggo suka biya kuɗi saboda ƙauna. Wanda ya karɓi kuɗin ne bai taɓa fita ko Kwanar Dangora ba amma yana tsara wa mutum abin da zai yi a ƙasar da bai san ko ina take a taswira ba. Shi in abu ya ɓaci yana zaune a zaurensa yana karɓar na gaba, ke ce za ki kwana a hannun 'yan sanda.

Kinga gine-ginen nan na katako ne, kuma mafi yawansu katakon tsirara yake, ba fenti ba man ƙyalli, ya shekara ɗaruruwa yana bushewa. Ɗigon mai ɗaya in ya sauka a kai shanye shi yake ya shige ciki, ba sabulun da zai fitar, sai an kira masu gyaran kayan tarihi kuma su ma ba kullum suke iya mayar da shi yadda yake ba. Rubutu kuma kin san da me ake haɗa tawadarsa, gawayi ne da ƙaro, ki watsa wannan a farar tsakuwa ko ƙofar takarda ki ga in zai ɓoyu. Gansakukar da ke kewaye da duwatsun lambun wurin da hannu ake cire mata ciyawa ɗaya bayan ɗaya, gishiri kaɗan ya ishe ta mutuwa.

Kuma ba abin da ba su taɓa gani bane, sun gani, shi yasa idonsu yake a buɗe. A 2015 an yi ta samun tabon wani ruwa mai maiƙo a wuraren ibada da na tarihi da dama, Nara, Kyoto, Chiba, har da Todai-ji mai ƙaton gunkin nan da fadar Nijo. Ƙasar ta ɗauki zafi, aka ƙara kyamarori ko'ina. 'Yan sandan Chiba suka samo takardar kama wani likita mazaunin Amurka da ya kafa wata ƙungiyar addini, bisa zargin shafa mai a wurare biyu na jiharsu, kuma abin da aka ruwaito shi ne a ganinsa tsarkake wuraren yake daga miyagun ruhohi. Kin ji? Tunani ɗaya sak da na malamin Hajiya, addinin ne kawai ya bambanta. Shekaru aka kwashe ana shari'ar mayar da shi Japan a kotunan Amurka, basu ce ai ya wuce a manta ba. A 2023 kuma wani yaro ɗan Kanada mai shekara 17 ya kankare suna da farcensa a ginshiƙin haikalin Toshodai-ji da ke Nara, da farce fa, ba wuƙa ba, sai ga shi gaban 'yan sanda kuma labarin ya zagaya duniya.

Dokar kare kayan tarihinsu ta 1950 ce, an yi ta ne bayan gobarar da ta cinye zanen bangon haikalin Horyu-ji a 1949, kuma ɓata muhimmin kayan tarihi na iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara biyar ko a ci shi tarar kuɗi. Ginin da zaki zauna a barandarsa a Ryoan-ji yana cikin rajistar kayan da wannan doka ke karewa, lambun ma haka, ga shi tun 1994 yana cikin wuraren Kyoto 17 da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya. Amma ni ba ma ɗaurin ne ke tsorata ni ba, abin da ke zuwa kafin shi ne. A Japan ana iya tsare mutum har kwana 23 kafin a tuhume shi a kotu, ba beli a wannan tsakanin, lauya baya zama a ɗakin tambayoyi, wayarki tana hannunsu. Ba maganar a kira wani babba ya sa baki, ba maganar a sasanta a bayan kanta. Kwas ya tashi, wataƙila aikin ma ya tashi, kuma wanda zai nemi gurbin nan daga asibitinku baɗi shi zai biya bashin. Duk a kan me? A kan kwalbar da ko mai ita bai san me ya zuba a ciki ba.

Ƙullin garin ma ba sai ya kai haikali ba, tun filin jirgin Kansai na Osaka zai fara jawo miki magana. Gari ba suna ba takarda a jakar baƙuwa, me zaki ce wa jami'in kwastan? Kuma tunda mun zo nan, kilishi da dambun nama ma kar ki ɗauko, an hana shiga da nama, karnuka ne ke shinshina akwatuna.

Ni ban ce babu aljanu ba, kar a je a ce na faɗa. Amma wa ya ce miki sun bar duniya duka sun tare a unguwar Ukyo ta Kyoto? Miliyoyin mutane na shiga wuraren nan duk shekara, cikinsu har da Musulmin Indonesiya da Malesiya da hijabansu, suna fitowa su hau bas su tafi cin abinci. Azkar ɗin safe da yamma da kike yi a gida, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, a bakinki suke, ba sa buƙatar biza kuma ba sa ɓata katakon kowa. Wanda ya ce miki waɗannan basu isa ba sai an haɗa da kwalbarsa ta dubu kaza, ki tambaye shi a wane littafi ya gani. Sannan Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kar su rama da zagin Allah cikin jahilci, to ina ga zuwa har gidansu a ɓata musu gini? Wannan ya haɗa da samarinmu masu ɗaga waya suna bidiyo suna kwaikwayon zaman gunki suna dariya don a samu mabiya a TikTok. Ka ƙi bauta masa, wannan imaninka ne, ba wanda ya nemi ka canza. Amma kai baƙo ne a gidan mutane.

Yanzu abin da zaki gani in kin je. Wani babban kwamandan yaƙi Hosokawa Katsumoto ne ya kafa wurin a 1450, ya ƙone a yaƙin Onin da aka fara a 1467, ɗansa ya sake gina shi. Na ɗariƙar Zen ta mabiya Buddha ne, ɓangaren Rinzai. Daga ƙofa zaki bi gefen wani babban tafki wanda ya girmi haikalin kansa, ki hau matakala, ki cire takalmi ki ajiye a kanta, don haka ki sa safa mai kyau mara huji, in lokacin sanyi ne mai kauri, katakon nan sanyinsa har ƙashi. Sai baranda, sai lambun. Kar ki sa ran furanni. Fili ne kamar mita 25 a tsawo 10 a faɗi, farar tsakuwa da aka ja wa layi da manjagara, duwatsu 15 a rukuni biyar, sai tsohuwar katangar ƙasa a baya mai kama da katangar gidajen cikin birnin Zazzau. Duk inda kika zauna a barandar sai aƙalla dutse ɗaya ya ɓuya bayan wani, zaki ji mutane na ƙirgawa da yatsa. Wanda ya tsara shi da abin da yake nufi, masana har yau basu daidaita ba, saboda haka in ɗan rakiya ya ce miki damisa ce ke haye kogi da 'ya'yanta ko tsibirai ne a teku, ki ɗauka ra'ayi ne. Ziyarar Sarauniyar Ingila a 1975 na cikin abin da ya ƙara masa suna a waje. Ni a ganina wanda ya zo ya yi hoto ya juya cikin minti uku asarar kuɗin tikiti ya yi, ki samu gefe ki zauna ko minti sha biyar ne, ki bar ƙafarki a kan baranda kar ta sauka a tsakuwa, murya ƙasa ƙasa. Sannan ki zagaya tafkin gaba ɗaya, yawancin mutane tsallake shi suke, alhali in ƙarshen Nuwamba ne da ganyaye suka koma ja ya fi lambun duwatsun ɗaukar ido.

Abubuwan da ya kamata ki sani a matsayinki na Musulma, waɗanda malamin kwalba bai san da su ba, ga su. In an wuce da ku Kinkaku-ji, haikalin da aka lulluɓe bangonsa da zinare, tafiyar kamar minti ashirin ce a ƙafa daga nan, tikitin shigarsa kansa takardar neman tsari ce irin tasu da rubutun Japananci, ba ibada kika yi ba don kin karɓa a ƙofa, amma ki san ko menene kafin ki kai wa Hajiya tsaraba. 'Yan jakunkunan alharini masu kyau da ake sayarwa a shagunan wurin, omamori, layu ne, ba abin maƙala makulli ba. Akwatin katako mai tsaga a sama na sadakar ibada ne, ba dole a kanki. Akwai kuma Saiho-ji, lambun gansakuka, wanda sai da izini tun kafin ranar ake shiga, kuma al'adarsu baƙo ya zauna ya kwafi nassin addininsu da alƙalami kafin ya fita lambu, in kin ga sunansa a jadawali ki yi magana tun yanzu.

Ƙaramin kwarmin dutse mai ruwa da zaki gani a bayan ginin ba na alwala bane, ko hannu kar ki sa. Kar ki shimfiɗa sallaya a baranda ko cikin lambu, ki tsara lokacinki, akwai ƙaramin masallaci a unguwar Kamigyo cikin gari, ke kuma matafiya ce kin san sauƙin da aka miki. Abinci kuma, a cikin harabar akwai inda ake sayar da yudofu, awara ce dafaffiya a ruwan ganyen teku, ba nama. Sai dai rashin nama ba shi ne halal ba a girkin Japan, suna yawan sa mirin da sake a miya da romo, duka biyun kuma daga giyar shinkafa suke, ki sa tafintan kwas ɗinku ya tambaya miki kafin a zuba.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki samu wani babba da take jin maganarsa, kawu ko limamin unguwa, ya karanta mata maganar kwana 23 ɗin nan, ki ce mata addu'arta kike so ba gora ba. Ranar ziyarar in kun fito bakin tafki ki kira ta a bidiyo ta gan ki garau, amma ki duba agogo tukuna, Japan na gaban Najeriya da awa takwas, ƙarfe biyun ranarku shidan safiyarta ce.