Me mai zuba jari yake son ji idan an je tallata masa yanki?

Tambaya: Ina aiki a ofishin raya tattalin arzikin yankinmu, kuma an sa ni cikin tawagar da za ta je baje kolin masu zuba jari a harkar gine-gine. Muna da jami'a, muna da burin zama cibiyar kimiyya da ƙirƙire-ƙirƙire, muna kuma son a gina dubban gidaje. Da wanne za mu fara, kuma me zai sa a saurare mu?

Amsa: Malam, ka fara sanin wanda za ka zauna da shi. A irin wannan taro, misali MIPIM da ake yi duk watan Maris a birnin Cannes na Faransa tun 1990, yawancin masu riƙe da manyan kuɗi amanar wasu ce a hannunsu: asusun fansho, kamfanonin inshora, asusun ajiyar ƙasashe. Za su sa kuɗi a gini yau, su jira haya ta dawo da shi cikin shekara 20 ko 30. Tambayar da ke ransu ɗaya ce: wa zai biya hayar nan, kuma har yaushe? Duk tawagar da ta je tana ɗauke da hotunan dogayen gine-gine da kalmar "buri". Da wannan kaɗai ba za ku fita daban ba.

To a nan kimiyya take shigowa. Amfaninta a wurin mai jari shi ne tana haifar da ɗan haya wanda ba ya tashi da wuri. Kamfanin da ya kashe dukiya wajen shirya ɗakin gwaje-gwaje, kuma ma'aikatansa daga jami'ar da ke kusa suke fitowa, da wuya ya kwashe kayansa don an rage masa haya a wani gari. Saboda haka kada ku tsaya a cewa "muna da jami'a". Ku faɗi fannin da ta yi fice a kai, kamfanoni nawa suka fito daga bincikenta, ina suke zaune yanzu, kuma nawa ne suka bar yankin don sun rasa wurin faɗaɗa aiki. Wannan na ƙarshen mutane kan ji kunyar faɗinsa, alhali shi ne hujjarku mafi ƙarfi, domin yana nuna akwai mai neman wuri da bai samu ba.

Ku kuma faɗi gaskiya game da tsawon lokacin da irin wannan aiki yake ɗauka. Jami'ar Stanford ta Amurka ta buɗe filin masana'antunta a 1951, an daɗe kafin duniya ta san yankin da sunan Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha. An kafa Research Triangle Park a jihar North Carolina ta Amurka a 1959, tsakanin jami'o'i uku, amma ya yi ta jan ƙafa har 1965 da kamfanin IBM ya shigo. Kwalejin Trinity ta kafa dandalin kimiyya na Cambridge a Ingila a 1970. Dukansu akwai mai fili mai haƙuri a bayansu, wanda bai janye ba da ya ga shekarun farko sun yi tsauri. Mai jari ya san wannan tarihi, kuma zai so ya san wa ke riƙe da filinku, da ko zai iya jira.

Batun gidaje kuwa, kuskuren da na fi gani shi ne a ware shi a shafi na daban, kamar ba shi da alaƙa da kimiyyar. Ai ɗakin gwaje-gwaje ba farfesa kaɗai ke aiki a ciki ba. Akwai matasan masu bincike, da masu kula da na'urori, da ma'aikatan jinya idan akwai asibitin koyarwa, kuma yawancinsu albashinsu matsakaici ne. In ba su sami gidan da za su iya biya kusa da aiki ba, kamfani ba zai sami ma'aikata ba, ginin mai jari ya zauna babu kowa. Japan ta yanke shawarar gina birnin kimiyya na Tsukuba a 1963, ta kai cibiyoyin bincike can, amma masu bincike da yawa sun daɗe suna barin iyalansu a Tokyo. Jirgin ƙasa mai sauri da ya haɗa garin da Tokyo sai a 2005 ya fara aiki. Ku nuna gidaje da wurin aiki da hanyar zirga-zirga a taswira guda.

Abin da ya fi kashe ciniki, a ganina, shi ne abubuwan da ba sa fitowa a hoto: ruwa, wutar lantarki, izinin gini. Cambridge da kanta, duk da sunanta da kamfanoni irin AstraZeneca mai haɗa magunguna da suka kai hedikwatarsu can, ta gamu da wannan. A 2023 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta nuna rashin amincewa da wasu manyan ayyukan gini a yankin saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake ja ya yi yawa, dubban gidaje suka tsaya. In wannan ya sami Cambridge, ku tabbata za a tambaye ku. Ginin gwaje-gwaje yana shan wuta fiye da ofis nesa ba kusa ba, saboda na'urorin sauya iska da sanyaya kaya ba sa hutawa, kuma yana buƙatar rufi mai tsawo da daɓen da ba ya girgiza. Ku je da amsa a rubuce: wutar da ke akwai, ranar da za a ƙara, da wanda ya ɗauki nauyin biya.

Shawarata ita ce ku tafi da filaye biyu ko uku kacal waɗanda mallakarsu ba ta da rigima, an san abin da doka ta yarda a gina a kansu, kuma an san wata nawa izini yake ɗauka. Sun fi jerin ayyuka 30 da babu wanda ya kai a fara shi. In jami'a ko asibiti za su yi alkawarin karɓar hayar wani ɓangare na ginin farko, ku sa wannan a gaba, domin shi ke sa banki ya saki kuɗi. Tawagar kuma ta zama da wanda zai iya yanke hukunci, kuma jami'a da hukumar yanki da masu ba da izini su yi magana da baki ɗaya. Mai jari yana lura idan ɗaya ya ce shekara biyu, ɗaya ya ce biyar.

Kada ku zuzuta buƙatar ɗakunan gwaje-gwaje fiye da yadda take. A yankin Boston na Amurka an yi rububin gina su a 2021 da 2022 lokacin da kuɗi ke kwarara cikin kamfanonin haɗa magunguna. Da kuɗin ruwa ya tashi, jarin ya ja baya, gine-gine da dama suka rasa masu haya. Wasu daga cikin waɗanda za ku gani a taron sun yi asara a wannan, kuma za su bi lissafinku layi-layi. In buƙatar da kuke da ita ta gini ɗaya ce, ku nemi kuɗin gini ɗaya, ku nuna musu filin da na biyu zai zauna idan na farkon ya cika.